Sensar Ƙwanƙwasa: Yadda Inji Ke Saurarar Kansa Idan Aka Zuba Masa Fetur Mai Ƙarancin Oktan

Duk wanda ya taɓa daɗewa yana buga PUBG ko Free Fire da tsakar rana ya san abin da waya ke yi bayan minti ashirin ko talatin. Bayanta ya ɗau zafi, hoto ya fara tsinkewa, ka taɓa nan sai can ta amsa maka. Ba lalacewa ta yi ba. Akwai ƙananan na'urorin auna zafi a cikinta, su ne suka sanar da furosesa cewa abin ya yi yawa, ita kuma ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Wasan ya daina santsi, amma wayar tana nan da ranta.

Injin motar zamani ma yana da irin wannan dabara, sai dai shi ban da auna zafi har kunne yake kasawa. Akwai wata 'yar na'ura da za ka iya rufewa a tafin hannunka, a ɗaure a jikin inji da noti guda, aikinta kawai ta saurari ƙarar da ke fitowa daga cikin silinda. Ita za mu kira sensar ƙwanƙwasa a wannan darasi.

Abin da ya ja ni ga batun tambaya ce daga wani abokina da muke rubuta manhaja tare. Yayansa ya sayo Ford F-150 Raptor ta hannu daga Amurka, irin manyan a-kori-kurar nan da aka ƙera don tsere a cikin rairayi, ba don dakon buhunan masara ba. Littafin motar yana maganar fetur mai lamba 87 da mai lamba 91, mu kuwa a yawancin gidajen manmu fetur fetur ne, babu wata lamba a jikin famfo. Tambayarsa ita ce, in aka ci gaba da zuba mata abin da ake samu, injin zai mutu? A Amurka ma masu irin waɗannan motoci sun daɗe suna wannan muhawara, domin can fetur mai babbar lamba ya fi tsada sosai, ga shi tankin Raptor mai ƙofa huɗu galan 36 yake sha, wato kimanin lita 136.

Ni ba bakanike ba ne. Amma da na bi diddigin abin sai na tarar rabin amsar a cikin manhaja take, nan kuwa fagena ne.

Nokin ɗin da muka sani da wanda ake nufi a nan

A gareji idan aka ce inji ya yi nokin, ko inji ya buga, kowa ya san mai mota ya shiga uku. Baƙin mai ya ƙare ko ya daina zagayawa, metal ya cinye, sai an sauke inji. Ƙwanƙwasar da muke magana a kanta wata aba ce daban. Ita a wajen ƙonewar fetur take faruwa, kuma inji na iya yin ta alhali baƙin mansa sabo ne fil. Sai dai idan aka bar ta ta yi ta faruwa, ƙarshenta can wajen sauke inji za a je.

Ga yadda abin yake. Fistan yana sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama ta tura fistan ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Mutane da yawa suna ɗauka fashewa ake yi a ciki kamar bam. Ba haka ba ne. A lafiyayyen inji wutar daga bakin fulogi take tashi ta bazu zuwa bangon silinda a jere, kamar yadda wuta ke cin busasshiyar ciyawa daga gefen gona zuwa ɗaya gefen. Da sauri take, amma tana ɗaukar lokaci. Shi ya sa ba a jiran fistan ya kai ƙololuwa kafin a kunna fulogi. Ana kunna shi tun da saura, don ƙarfin matsin ya kai matuƙa a lokacin da fistan ya ɗan wuce ƙololuwa da kamar digiri 15 na juyin karanshaf, inda turin ya fi amfani. Wannan gaggauta tartsatsi shi ne abin da kanikawa ke kira taimin, kuma da digiri ake auna shi.

Matsalar tana can lungu. Yayin da wutar ke bazuwa, tana ƙara matse ragowar iska da fetur ɗin da ba ta kai gare su ba tukuna, tana kuma gasa su. Idan matsi da zafi suka wuce abin da fetur ɗin zai iya jurewa, ragowar nan ba za ta jira wutar fulogi ba, za ta kama da kanta gaba ɗaya a lokaci guda. Sai wata igiyar matsi ta riƙa kai da komo tsakanin bangon silinda, ƙarfen inji ya ɗauki amo kamar an buga ƙararrawa. A kunnen direba abin yana kama da tsakuwa a cikin gwangwani, musamman idan ana hawan tudu da babbar giya an taka totur.

Ƙwanƙwasa kaɗan ta ɗan lokaci ba ta kashe inji. Mai ƙarfi da ta daɗe ita ce ke fasa gefen fistan inda ringi ke zama, ta ƙona gasket, ta farfasa farin tangaran na fulogi, wani lokaci har ta narkar da saman fistan.

Oktan ba ƙarfi ba ne

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Lambar oktan ba ta nuna yawan makamashin da ke cikin fetur. Abin da take nunawa shi ne haƙurinsa, wato yadda zai jure matsi da zafi ba tare da ya kama da kansa ba. Ma'aunin ya samo asali ne daga aikin wani masanin sinadarai a Amurka, Graham Edgar, a shekarun 1920. An ɗauki sinadarai biyu: iso-oktan mai tsananin haƙuri aka ba shi 100, da heftan mai saurin kamawa aka ba shi 0. Idan fetur ya yi hali irin na haɗin kashi 90 na iso-oktan da kashi 10 na heftan a cikin injin gwaji, sai a ce lambarsa 90.

Kafin zuwan kwamfuta, da sinadari aka riƙa yaƙar ƙwanƙwasa. A watan Disamba na 1921 Thomas Midgley, injiniya a kamfanin General Motors, ya gano cewa wani sinadarin dalma yana kashe ta. Duniya ta shafe shekaru da dama tana shaƙar gubar dalma daga salansar motoci saboda wannan, kuma sai a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da cewa an daina sayar da fetur mai dalma ga motoci a ko'ina, bayan Aljeriya, wadda ita ce ta ƙarshe, ta ƙarar da nata.

To ga inda mai sayen mota daga Amurka ke ruɗewa. Gwajin oktan iri biyu ne. Akwai RON, wanda ake yi a yanayi mai sauƙi, akwai kuma MON, wanda ake yi da ƙarin zafi da gudu, shi ya sa lambarsa ke fitowa ƙasa. Turai da yawancin duniya RON suke rubutawa. Amurka da Kanada kuwa haɗa biyun suke yi su raba biyu, su kira sakamakon AKI, shi ne kake gani a jikin famfonsu an rubuta (R+M)/2. Saboda haka 87 na Amurka yana daidai da kusan 91 ko 92 na RON, 91 nasu kusan 95 ne, 93 kuma kusan 98.

Takardun ƙa'idar fetur a Najeriya da RON suke aiki, kuma mafi ƙarancin da ake nema yana wajen 91. Kada wannan 91 ta yaudare ka. Ba ita ce 91 ɗin da ke cikin littafin Raptor ba. Fetur ɗinmu, idan ya cika ƙa'ida, ɗan'uwan 87 na Amurka ne, wanda suke kira regular, mafi araha a famfonsu.

Me ya sa waɗannan motocin suka fi damuwa da oktan? Saboda ƙarfinsu daga matsi yake zuwa. Raptor ta 2017 zuwa sama tana da inji V6 mai lita 3.5 da turbo biyu, tana ba da ƙarfin doki 450. Ram 1500 TRX da ta fito a 2021 tana da V8 mai lita 6.2 da sufacaja, ƙarfin doki 702. Turbo da sufacaja duk aikinsu ɗura wa silinda iska fiye da yadda za ta zuƙa da kanta. Injin V8 mai lita 6.2 na Chevrolet Silverado da GMC Sierra ba shi da turbo, amma yana matse iska ninki 11.5. Duk hanyar da aka bi, matsi ya ƙaru, zafi ya ƙaru, an matso kusa da iyakar haƙurin fetur.

Kunnen da ke jikin inji

A cikin sensar akwai wani zoben tangaran na musamman da ke fitar da lantarki idan aka matse shi ko aka girgiza shi. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan ɗabi'a a 1880. Ka san ta ko da ba ka san sunanta ba: laitar da ake dannawa ta yi ƙas ta kunna risho mai gas ba tare da batir ba, da ita take aiki. To sensar ƙwanƙwasa kusan makirfo ce da aka manna wa ƙarfe. Inji mai siffar V yakan sami guda biyu, ɗaya a kowane ɓangare. Motoci irin Buick Regal mai turbo ta 1978 suna cikin na farko da suka fito da ita, sannan a 1982 kamfanin Saab na Suwidin ya yi amfani da ita wajen rage ƙarfin turbo da kansa idan fetur ba shi da kyau.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kwamfutar mota, wato ECU, wadda a gareji ake kira birenbos, ke tsamo ƙwanƙwasa daga cikin hayaniya. Inji wuri ne mai surutu. Bawul suna rufewa, nozul suna ƙas-ƙas, sarƙar taimin tana gudu. Dabara biyu take yi.

Ta farko tace sauti. Ƙwanƙwasa tana da muryarta, kuma faɗin silinda ne ke yanke muryar, kamar yadda ƙaramar ganga ta fi babba zaƙin amo. Akwai wani lissafi na kusa-kusa: raba 573 da faɗin silinda a milimita, ka samu dubban girgiza a daƙiƙa. Silindar Raptor milimita 92.5 ce, sai ka samu wajen girgiza 6,200 a daƙiƙa. Ta TRX ta fi faɗi, kusan milimita 104, muryarta tana wajen 5,500. Kwamfutar tana toshe kunne ga sauran sautuka ta mai da hankali kan wannan zango da ninkinsa. Duk wanda ya taɓa wasa da ikwalaiza a manhajar kiɗa ya san irin wannan tacewa.

Ta biyu zaɓen lokaci. Kwamfutar ta san inda kowane fistan yake a kowane lokaci, saboda akwai wata sensar a jikin karanshaf da ke gaya mata. Don haka ba ta sauraro sai a 'yar tagar da ƙwanƙwasa ke iya faruwa, jim kaɗan bayan fistan ya wuce ƙololuwa. Ta haka ne ma take gane wace silinda ce ta yi ƙarar. Ka yi tunanin saurin abin: inji V8 da ke juyi 3,000 a minti yana kunna wuta sau 200 a daƙiƙa ɗaya, V6 kuma sau 150, kuma kowace kunnawa ana sauraronta a yanke mata hukunci.

Hukuncin kuwa, idan aka cire ƙawa, layi huɗu ne. Lambobin da na sa misali ne kawai, kowane kamfani da nasa:

idan ƙara ta wuce iyaka:
    jinkirta tartsatsi da digiri 2
in ba haka ba:
    maido da digiri 0.1

Ja da baya da sauri, dawowa a hankali. Da zarar an jinkirta tartsatsi, matsin cikin silinda ba zai kai inda yake kaiwa a da ba, ragowar fetur ɗin nan ta lungu sai ta haƙura ta jira wuta. Daga nan kwamfutar ta riƙa matsowa kaɗan-kaɗan har ta sake jin ƙara, ta sake ja da baya. Haka take rayuwa a bakin iyaka.

Bayan wannan martani na nan take, akwai kuma koyo. Idan kwamfutar ta lura tun da aka sha mai take ta ja da baya, sai ta riƙe a ƙwaƙwalwarta cewa wannan tankin ba mai haƙuri ba ne. A injinan EcoBoost na Ford wannan ƙiyasi lamba ce da ake kira OAR, tana tafiya tsakanin -1 da +1, inda -1 ke nufin fetur mai kyau sosai. Motocin General Motors kuma teburin taimin biyu gare su, na babban oktan da na ƙarami, kwamfutar tana zamewa tsakaninsu gwargwadon abin da ta ji.

Abin da kake biya

Kariyar ba kyauta ba ce. Tartsatsin da ya makara yana nufin wutar ta tura fistan bayan lokacin da ya fi dacewa, wani ɓangare na zafin ya bi salansa ya tafi a banza. A inji mai turbo kwamfutar kan ƙara da rage iskar da ake ɗurawa. Idan hayaƙin ya yi zafi da yawa kuma, sai ta ƙara fetur fiye da buƙata don ta sanyaya turbo da matatar hayaƙi, wadda kanikawanmu suka raɗa wa suna indomi. Ƙarfi ya ragu, shan mai ya ɗan ƙaru.

Nawa ne asarar? A 2019 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada F-150 mai irin injin Raptor da fetur iri biyu. Da 93 ta auna ƙarfin doki 380 a tayoyi, da 87 kuma 360. Daga tsaye zuwa gudun mil 60 a awa, wato kimanin kilomita 97, ta ɗauki daƙiƙa 5.3 da mai tsada, 5.9 da mai araha. Ƙungiyar direbobi ta AAA ma ta yi nata gwajin a 2017 a kan motocin da aka ba su shawarar shan fetur mai babbar lamba, ta samu matsakaicin ƙarin ƙarfi na kashi 1.4 cikin ɗari da ragin shan mai na kashi 2.7. A ganina, wanda ke kai yara makaranta da zuwa kasuwa ba zai taɓa jin wannan bambanci a ƙafarsa ba.

Akasin haka ma ya kamata a faɗa. Motar da aka ƙera don 87, kamar Toyota Tundra, ba ta ƙaruwa da wani abin kirki idan aka zuba mata 93. Ita AAA ɗin ta ƙiyasta a 2016 cewa Amurkawa sun ɓarnatar da sama da dala biliyan 2.1 cikin shekara guda a kan irin wannan.

Inda wayon sensar ya ƙare

A nan misalin waya ya daina aiki. Waya tana ganin zafi yana hawa ta rage gudu tun kafin a kai ga haɗari. Sensar ƙwanƙwasa kuwa ba ta hango komai. Sai ƙwanƙwasar ta faru sannan take ji. Kowane gyara da kwamfutar ta yi, bayan fistan ya riga ya sha duka ne. Idan dukan ƙanana ne, an ƙera inji ya jure. Idan fetur ɗin ya yi nisa da abin da injin ke buƙata, dukan farko ma na iya zama babba, kuma akwai iyakar digirin da aka yarda kwamfutar ta ja da baya. Idan ta kai wannan iyaka ƙarar ba ta daina ba, dabararta ta kusa ƙarewa.

Shi ya sa kalma ɗaya a littafin mota ta fi duk wata muhawara muhimmanci. Nemi shafin fetur ka duba ko an rubuta recommended ko required. Ta farko shawara ce, ta biyu wajibi. Littafin F-150 ya ce motar tana aiki da 87 a matsayin mafi ƙaranci, amma 91 ko sama da haka ya fi, kuma za a fi jin bambancin a lokacin zafi da lokacin jan tirela. Injin Hemi mai lita 5.7 na Ram an ba shi shawarar 89, an kuma yarda da 87. V8 mai lita 6.2 na General Motors ma shawara aka ba shi. Amma injin TRX mai sufacaja 91 ne wajibi a kansa. Ma'anar wannan ita ce injiniyoyin ba su yi alkawarin cewa tazarar da suka bai wa kwamfutar za ta isa ta kare injin da 87 idan aka take totur har ƙasa ba.

To amsar da na bai wa abokina ke nan. Raptor mai V6 za ta rayu da fetur ɗinmu matuƙar mai kyau ne, sai dai ba duk dokin da aka biya kuɗinsu ne za su fito ba. Wanda ke mafarkin TRX kuwa, ya fara tambayar inda zai riƙa samun fetur mai RON 95 kafin ya tambayi kuɗin kwastan.

Sai kuma sharuɗɗan da ke cinye tazarar. Zafi shi ne na farko, domin iska mai zafi da ta shiga silinda ta riga ta yi rabin tafiya zuwa kamawa da kanta. Motar da ta yi lafiya da 87 a sanyin Mishigan ba lallai ta yi haka a Arizona da rani ba, balle a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40. Lagireto mai datti da baƙin gawayin da ke taruwa a saman fistan duk suna ƙara tsananta abin. Kaya masu nauyi da doguwar hawa su ne na biyu. Na uku gurɓataccen mai. Kananzir da man gas oktan ɗinsu ƙasa yake ƙwarai, idan aka surka fetur da su lambarsa faɗuwa take yi warwas. Galan ɗin 'yan bumburutu na iya fitar da kai daga matsala a kan babur, amma ban ga dalilin da zai sa a ɗura shi a inji mai turbo biyu ba. Ko a Amurka, a jihohi masu tsaunuka irin Kolorado ana sayar da 85, saboda iskar can ba ta da kauri, kuma Ford ya gargaɗi masu motocinsa da su guji duk abin da ke ƙasa da 87. Turbo yana cike giɓin iskar, don haka rangwamen tsauni bai shafe shi ba.

Akwai wata matsalar da sensar ke ji amma ba ta da maganinta. A injina masu turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, wani lokaci wuta na kamawa tun kafin fulogi ya yi tartsatsi, galibi idan inji na juyi a hankali aka taka totur da ƙarfi. Ana kiran wannan LSPI. Jinkirta tartsatsi ba ya hana wutar da ba tartsatsi ne ya kunna ta ba. An gano cewa sinadaran baƙin mai suna da hannu a ciki, shi ya sa aka fito da ƙa'idar API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Idan za a yi wa irin wannan mota juye, a duba waɗannan haruffa a jikin galan.

Abu biyu kuma a taƙaice. Motar da aka sauya wa manhaja don ƙarin ƙarfi, an riga an cinye tazarar kariyarta, kuma yawancin irin wannan sauyi don 91 ko 93 na Amurka ake rubuta shi. Mai sayen ta hannu ya bincika ko tsohon mai ita ya yi mata haka. Sannan 'yan kwalaben ƙara oktan da ake sayarwa, idan aka rubuta suna ƙara maki 3, sau da yawa 0.3 ake nufi, wato daga 87 zuwa 87.3. Masu sinadarin manganis a ciki kuma suna barin dauɗa a kan fulogi da matatar hayaƙi.

Masu Hilux mai shan man gas, duk wannan darasi bai shafe ku ba. Injinku ba shi da fulogin tartsatsi, kamawa da kai ma ita ce hanyar aikinsa.

Idan kunnen ya kurmance

Sensar kanta na iya mutuwa, ko wayarta ta tsinke, ko ɓera ya ci. A tsofaffin Silverado da Sierra na wajajen 1999 zuwa 2006 sensocin suna cikin rami a ƙarƙashin bututun shigar iska, ruwa kan kwanta a ciki ya sa su tsatsa, musamman idan ana yawan wanke inji da ruwa mai ƙarfi. Idan kwamfutar ta daina jin sensar, takan kunna fitilar cek injin ta koma taimin na taka-tsantsan, mota ta yi nauyi ta riƙa shan mai.

Akwai kuma ƙwanƙwasar ƙarya. Wani ƙarfe da ya kwance yana kaɗawa a jikin inji, ko salansa da ke taɓa bodi, na iya yin amo a daidai zangon da kwamfutar ke saurare, ta yi ta rage ƙarfi a kan laifin da fetur bai yi ba. Ɗaurin notin sensar ma yana da ƙa'ida, a yawancin injina wajen Nm 20 ne. A matse fiye da kima ko a bar shi sako-sako, duk jinta zai canza. Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne dabarar cire sensar daga mazauninta a ɗaure ta a wani wuri mai shiru don fitila ta mutu. Fitilar za ta mutu, injin kuma ya zama kurma.

Gani da ido ta wayarka

Duk motar fetur da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da wata kafa mai fil 16 a ƙarƙashin sitiyari, sunanta OBD-II. Sayi 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth ka soka a wurin, ka sauke manhaja irin Torque ko Car Scanner. Idan Ford ce, FORScan ta fi zurfi.

Fara da lambobin matsala. P0325 na nufin akwai matsala a layin sensa ta ɗaya, P0327 siginarta ta yi ƙasa, P0328 ta yi sama. P0330, P0332 da P0333 su ne takwarorinsu na sensa ta biyu. Lambar tana nuna layin ne gaba ɗaya, don haka a duba waya da soket kafin a sayi sabuwar sensa.

Sai taimin. Ga masu sha'awar rubuta manhaja, wannan wurin akwai daɗi, domin za ka iya magana da motar kai tsaye ta kowace manhajar tasha ta Bluetooth. Aika 010E. Motar za ta amsa da wani abu kamar 41 0E 9C. Baitin ƙarshe shi ne amsar: 9C a lissafin heks 156 ne, raba biyu ka samu 78, cire 64, saura 14. Wato fulogi yana kunnawa digiri 14 kafin ƙololuwa. Aika 010F kuma ka samu zafin iskar da ke shiga inji, nan sai ka cire 40 daga baitin ƙarshe kawai.

Adadin digirin da aka janye saboda ƙwanƙwasa ba ya cikin lambobin gama-gari, kowane kamfani da inda ya ajiye nasa, shi ya sa ake buƙatar manhajar da ta san yaren kamfanin. Kuma kada ka ga taimin ya faɗi ka ce ƙwanƙwasa ce, domin kwamfutar na jinkirta tartsatsi da gangan a lokacin canjin giya da lokacin da inji ke ɗumama da safe. Gwajin da ke da ma'ana shi ne kwatanci: hanya ɗaya, tudu ɗaya, giya ɗaya, lokaci ɗaya na yini, a naɗi bayanan da man wannan gidan mai, bayan tanki ya kusa ƙarewa a sake da na wancan. Manhajojin suna fitar da bayanan a fayil ɗin CSV da za ka buɗe a Google Sheets ka zana jadawali. Ka bar wani ya riƙe wayar kai kana tuƙi, ko ka kunna naɗi ka ajiye ta. In an gama a zare na'urar, domin fil na 16 yana da wuta ko mota a kashe take, kuma masu arahar nan suna iya shanye batir idan motar ta kwana biyu a ajiye.